An ce kurame zuciya gare su: muhawarar iyaye a Zariya kan maganar hannu tun yaro yana goye

Maman Nana, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karatu ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci tura. 'Yata Nana shekararta 5 da wata 4, ba ta ji. Shawara ta kama ta kwana 3 da haihuwa, idonta ya yi ruwan ɗorawa, muka yi ta shanya ta a hantsi kamar yadda aka ce mana, sai da ta daina kama nono aka kai ta asibiti. Ba mu gane ba ta ji ba sai da ta kusa shekara 2. Ko a lokacin wani ma'aikacin lafiya cewa ya yi nauyin baki ne, mu ƙara haƙuri. Muka ƙara haƙurin shekara guda.

Ga abin da ya kawo ni. Shekaranjiya da daddare aka ɗauke wuta, yayanta Halifa ya taso neman tocila ya taka mata yatsa. Ina haskawa ta rarumi ludayi ta kwaɗa masa a goshi, nan take wurin ya tashi. Ina so in ce mata bai gan ki ba, ba da gangan ya yi ba. Na ɗaga hannuwana biyu, wallahi na rasa yadda zan yi da su. Iyakar abin da nake da shi da ita shi ne zo, tafi, ci, kwanta, bari. Sai na nuna mata bari, ta kwana tana ajiyar zuciya.

Haka in yara suka ƙwace mata abu a ƙofar gida, sai ta shigo ta kama zanena tana dukana, kamar a gabana aka yi na ƙi tsawatarwa, alhali ina madafi ban ga komai ba. Kakarta ta ce haka kurame suke, zuciya gare su, halitta ce. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini, halitta ce?

Maman Ummi, Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki ladan haƙuri 'yar'uwa. Ni ma haka na taso ina ji ana faɗa, wai kada ka ja bebe da faɗa.

Malam Idi, Samaru:
Wa alaikumus salam Maman Nana. Ba halitta ba ce. Koyar da yara kurame shi ne aikina, kuma abubuwa biyun da kika ba da labari tushensu ɗaya.

Ba a haifar yaro da sanin cewa abin da ya gani ba lallai ne wani ya gani ba, ko cewa mutum yana iya zaton abu alhali ba haka yake ba. A hankali yake gano wannan. Akwai wani ɗan gwaji da masana suke yi wa yara tun 1983, wasu mutum biyu, Wimmer da Perner, suka fara shi a Ostiriya. Bari in kawo shi da kayan gidanmu. 'Yar tsana ta sa alawa a kwano ta rufe ta fita. Tana fita wata ta zo ta ɗauke alawar ta mayar kwando. Sai a tambayi yaro: in ta farkon ta dawo, ina za ta fara dubawa? Ɗan shekara 3 yakan ce kwando, don shi ya san nan alawar take, bai raba saninsa da nata ba. Tsakanin shekara 4 da 5 yara sukan fara cewa kwano, don ita ba ta ga an canza ba.

A 1995 Candida Peterson da Michael Siegal suka yi irin wannan gwaji da yara kurame 26 a Ostareliya, masu shekara 8 zuwa 13. Kusan kashi 2 cikin 3 suka faɗi abin da ɗan shekara 5 mai ji yake ci. Da an tsaya a nan da sai a ce kakar Nana ta yi gaskiya. Amma da aka ci gaba da bincike aka ware kuramen da iyayensu ma kurame ne, waɗanda suka buɗe ido suka tarar ana maganar hannu a gida, sai aka ga su ba su da wannan jinkirin. A 2007 Brenda Schick da abokan aikinta suka gwada yara kurame 176 a Amurka, 'ya'yan kurame suka tafi kafaɗa da kafaɗa da yara masu ji, 'ya'yan masu ji kuma aka bar su a baya. Kunne iri ɗaya, bambancin kawai wani ana hira da shi tun yana goye, wani ba a yi.

Ki duba Halifa. Wa ya zaunar da shi ya koya masa ma'anar kuskure? Babu. Yana wasa a tsakar gida ya ji kin ce "ai na ɗauka ka tafi kasuwa", ya ji babansa ya ce "na manta ne", ya ji maƙwabciya ta ce "ashe ba ta sani ba". Sau dubu nawa ya ji irin wannan kafin ya shekara 5? Nana tana zaune a tsakar gidan nan ɗaya, ko ɗaya bai kai gare ta ba. Da Halifa ya taka ta, zafi ta ji, ta kuma ga wanda ya yi. Sauran bayanin ba ta da hanyar samunsa.

Maman Nana, Tudun Wada:
Innalillahi. Malam, kenan mu muka cuce ta.

Malam Idi, Samaru:
A'a, kada ki ɗora wa kanki. A ƙasashen da aka ƙirga, sama da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, mafi yawansu ba su taɓa zama da kurma ba kafin a haifa musu. Ba wanda ya shirya ku. Kuma shekara 5 ba a makara ba.

Hajiya Babba, Kwarbai:
Malam Idi, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja. Jikan ƙanwata yana da ɗan sauran ji, aka sa masa na'urar kunne, aka ce kada a riƙa yi masa nuni don zai yi ƙiwar buɗe baki. In aka sakar wa yarinyar nan hannu yanzu, ba an rufe ƙofar magana kenan ba? Ni a ganina a dage da neman magani da addu'a, Allah mai iko ne. Kuma mace ce, gobe gidan wani za ta. Wace uwar miji ce za ta zauna tana juya hannu?

Malam Idi, Samaru:
Hajiya, ranki ya daɗe, shawarar da aka ba ƙanwarki tsohuwa ce ƙwarai. A 1880 malaman kurame suka yi taro a Milan ta Italiya suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da furuci. An yi shekaru da dama ana hana yara ɗaga hannu a makarantu, har da hukunci. A 2010, a taron da ya gaji wancan, wanda aka yi a Vancouver ta Kanada, aka fito fili aka yi watsi da matsayar Milan aka nuna nadama.

Yaronmu na Sabon Gari yana tashi da Hausa da Turanci, wani har da Yarbanci ko Fillanci, ba mu taɓa cewa ɗaya zai toshe ɗaya ba. Maganar hannu harshe ce, haka take zama kusa da ta baki. A nemi magani, a sa na'ura in za ta yi amfani, a yi addu'a, duk ban hana ba. Abin da nake roƙo kada a bar yaro babu harshe ko ɗaya yana jiran ranar da kunne zai buɗe. Shekarun farko ba sa dawowa.

Nas Rabi, Hanwa:
Bari in ƙara ta ɓangarenmu. Ƙa'idar da ake bi a inda abin ya kankama ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu a nan sai yaro ya shekara 2 ko 3 bai ce Mama ba hankali yake tashi. Duk jaririn da ya yi shawara mai tsanani, ko yaron da ya tashi daga sanƙarau, ƙyanda ko hangum, ko kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, a kai a gwada jinsa, kada a jira. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Shawarar jarirai kuma asibiti ake kaiwa a ranar da aka gani, hantsi ba ya maganinta. Maman Nana, ba don in fama miki ciwo na faɗa ba, don masu ciki da ke cikin zauren nan ne.

Hajiya, ko dashen na'ura da ake yi a cikin kunne, wanda kuɗinsa miliyoyin naira ne, ba ya mayar da yaro mai ji rana ɗaya. Sai an yi shekaru ana horo.

Tela, Sabon Gari:
Salamu alaikum. Ƙanena ne ya sa ni a zauren nan, ya ce ana maganarmu. Ni kurma ne. Ina ji har na shekara 7, sanƙarau na 1996 ya kwantar da ni, na tashi duniya ta yi tsit. Shi ya sa nake iya rubuta Hausa, na riga na ji ta. Matata ita da kurumta aka haife ta. 'Ya'yanmu 3, biyu suna ji, ƙaramar ba ta ji, shekararta 4.

Hajiya, da girmamawa, zan faɗi abin da na gani da idona. Bayan ciwona na yi wajen shekara 4 a gidanmu ana cin abinci da ni, ana dariya, in tambaya me aka ce, a yi mini hannu alamar ba komai. Wata rana na ga mata sun cika gida suna kuka, ba wanda ya gaya mini kawuna ne ya rasu sai da na ga makara. Wanda aka yi wa haka shekara da shekaru, in ya fusata sai a ce halinsu ne. Ni da na taɓa ji ma kenan, na san akwai dalili a bayan abin da mutane suke yi. Ina ga wanda bai taɓa ji ba?

Yanzu ga 'yata. Tun tana wata 8 ko 9 take kwance tana murza yatsu tana buɗewa tana rufewa, irin gwarancin jarirai amma da hannu. Ran nan na sayo dabino na ajiye a aljihun keken ɗinki. Na fita alwala na dawo babu. Na tambaye ta, ta buɗe ido ta nuna mini wai ɓera ne, har tana kwatanta yadda ya gudu ta bayan buhun yadi. Ƙwallon dabinon yana cikin kumatunta. Na yi mata faɗa a kan ƙarya, amma a raina na gode wa Allah, don wanda zai yi maka wayo ya san akwai abin da ya sani kai ba ka sani ba. Uwarta tana ba ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da hannu, in Gizo zai yaudari kura sai yarinyar ta riƙa rufe baki tana dariya tun kafin a kai wurin.

Maganar aure kuma, Hajiya, matata tana zaune lafiya da mahaifiyata. Tsohuwa ta koya, yanzu har gulmata suke yi a gabana in na juya baya.

Malam Idi, Samaru:
Allah ya saka da alheri Malam Tela. Gwarancin hannun nan da ka gani an rubuta shi a bincike tun 1991, Laura Petitto da abokiyar aikinta a Kanada. Labarin dabinon kuwa ya fi duk bayanina.

Abu Safwan, Kongo:
Malam Idi, ina bin ka amma akwai inda ban gamsu ba. Duk binciken da ka kawo na Turawa ne. Na biyu, ta yaya aka tabbatar yaran sun fahimci tambayar? Ka yi wa yaro tambaya da harshen da bai ƙware ba, ya faɗi, ka ce bai san zuciyar mutane ba, wannan ai zalunci ne. Na uku, a ƙauyenmu ta wajen Giwa akwai wani bebe manomi, bai taɓa shiga aji ba, amma duk garin ba wanda ya kai shi gane mutum. Ya kalle ka sau ɗaya ya san da abin da ka zo. Ina jin tsoron maganar nan ta koma wani sabon tambari, a ce kurame ba su da hankalin zama da jama'a.

Malam Idi, Samaru:
Tsoronka yana kan hanya, ni ma ina jin sa. Jinkiri ake magana, ba rashi ba, kuma ba daga yaron yake ba, daga shirun da ya kewaye shi ne.

Kan fahimtar tambaya, masu binciken sun yi tunanin haka. Sun sake gwajin da hotuna da wasanni da ba sa bukatar dogon bayani, kuma kurame ƙwararru a maganar hannu suka gudanar da shi. Tazarar ba ta ɓace ba.

Ba kuma Turawa kaɗai ba ne. A Nikaraguwa, da aka tara yara kurame a makaranta a birnin Managua daga 1977, su da kansu suka ƙirƙiro harshen hannu sabo. 'Yan sahun farko harshensu bai da yalwar kalmomi irin su sani da zato da tunani, 'yan bayansu suka faɗaɗa shi. Jennie Pyers da Ann Senghas suka gwada su, aka buga a 2009: 'yan sahun farko, manya da su, da yawa suka faɗi gwajin, ƙannensu suka ci. Bayan shekara 2 aka koma, manyan sun yi ta cuɗanya da ƙananan a ƙungiyar kurame sun ɗauki waɗannan kalmomi, sai ga shi sun ci gwajin fiye da yadda suka yi a baya. Wannan ne ya sa na ce wa Maman Nana ba a makara ba.

Mutumin ƙauyenku kuwa, tambaya ɗaya: mutanen garin suna magana da shi?

Abu Safwan, Kongo:
Kowa. Har yara. A majalisa da shi ake zama, in ana ciniki a kasuwa ma shi yake shiga tsakani.

Malam Idi, Samaru:
To ka gani. Ba shi da aji, amma yana da abokan hira. Mu Hausawa muna da maganar hannu tamu tun kafin zuwan boko, har sarautar Sarkin Bebaye akwai a Kano. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kan wannan harshe, ya fito a 2000. Abin da ke ba ni tsoro shi ne gidajenmu na birni na yanzu, get a rufe, yaro daga shi sai uwarsa sai talabijin. Kurman ƙauye sau da yawa ya fi shi samun mutane.

Abu Safwan, Kongo:
Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina ganin sai an yi irin binciken a kan yaranmu kafin a ɗauki shekarun da suka ƙayyade kamar wahayi.

Maman Ummi, Gyallesu:
To wace maganar hannun za ta koya? Na ga ta masu fassara a labaran talabijin daban take da wadda kurame suke yi a bakin kasuwa.

Tela, Sabon Gari:
Daban ne Anti. Ta makaranta asalinta daga Amurka take. Wani kurma baƙar fatar Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu, ta sauya ta zama ta Najeriya. Ita ake yi a makarantu irin Tudun Maliki ta Kano da ta Kaduna. Ni biyun nake yi, da abokan makaranta wannan, da dattawanmu waccan.

Shawarata kada Maman Nana ta tsaya zaɓe. Ta fara da wadda za ta samu mai koya mata a makon nan. Nana za ta haɗa biyun da kanta in ta shiga cikin yara, ba a koya wa ɗan kifi iyo. Abu ɗaya: kada a tsaya kan sunayen abubuwa, kofi, takalmi, ruwa. Iyaye da yawa nan suke tsayawa. A koyi na manta, na ɗauka, ban sani ba, ban gani ba, ina tsoro, na yi kuskure, yi haƙuri, me ya sa. Kuma ba uwa kaɗai ba. In ita kaɗai ta iya, yarinyar ta samu tafinta ne, ba ta samu gida ba.

Malam Lawal, Limancin Kona:
Na jima ina saurare. Abin da ya taɓa ni shi ne addinin yarinyar. Hadisin farko da muke koya wa yara a Islamiyya shi ne ayyuka suna tare da niyya. Wadda ba a ba ta hanyar rarrabe ganganci da kuskure ba, ta yaya za a bayyana mata niyya ranar da za ta fara salla? Za ta yi ruku'u da sujada don ta ga ana yi. Ina da ɗalibi kurma da ya yi shekara 2 a ajina yana zaune a baya yana kwafar allo, ban taɓa tambayar kaina me ya fahimta ba sai yau. Malam Tela, in za a koyar, a sa da ni.

Hajiya Babba, Kwarbai:
Ni dai har yanzu ina son in ji muryar jikan nan namu ya ce Hajiya. Amma labarin makarar nan ya tsaya mini a rai. Zan kira ƙanwata.

Maman Nana, Tudun Wada:
Jama'a na dawo, kwana 6 kenan. Na yi gwajin Malam Idi da kwanon sha da kwandon wanke-wanke, Halifa ya zama mai fita. Nana ta nuna kwando, inda alawar take. Na sake sau 2, haka. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Jiya ƙanin Malam Tela ya raka ni gidansu. Da muka shiga Nana ta maƙale a bayana. Matarsa ta durƙusa daidai tsayinta, ta taɓa kafaɗarta, ta jira sai da ta kalle ta sannan ta fara. Ni ban taɓa jira ba, daga tsaye nake yi mata nuni, sau da yawa ma tana kallon wani wuri. Can 'yarsu ta fito tana ba uwarta labari da hannu da sauri, fuska na motsi, uwar na amsawa. Nana ta saki zanena. Ta tsaya tana kallon hannun wannan ta kalli na waccan, ko ƙiftawa ba ta yi. Mun yi awa 2, da ƙyar na raba ta da gidan, a cikin Keke Napep tana ta juya yatsunta tana kallo.

An koya mini alamomi guda 9. Yau da safe na sa gishiri a kokonta maimakon sukari, da niyya na yi, na ɗanɗana a gabanta na ɓata fuska na yi mata alamar na yi kuskure. Ta kalle ni, ta kalli kofin, ta maimaita alamar. Ban tabbatar ta gane ba tukuna.

Babanta ya ce shi hannunsa ya yi tauri da koyon sabon abu, kuma yana jin nauyin a gan shi yana yi a waje. Malam Tela, alamar "ba da gangan ba" fa? Ita na fi bukata, na manta ban tambaya ba.

Tela, Sabon Gari:
Wannan ba ta rubutuwa, rabinta a fuska take, sai na nuna miki. Ku zo ranar Asabar bayan la'asar, Malam Lawal ma ya ce zai zo. Ki taho da Halifa, yara sun fi mu saurin ɗauka, kuma shi ya taka ta, daga hannunsa ya kamata ta fara gani. Babanta kuma kada ki matsa masa. Ki ce ina gaishe shi, ya kawo mini yadinsa shago in ɗinka masa, ma yi ciniki. Ba a ciniki da ni sai da hannu.